Ranar da Kunnen Mai Agogo Ya Bushe

Ranar da za a kwashe kayan shagon, Auta ce ta ci karo da gidan ashanar a can ƙuryar aljihun tebur, bayan tsofaffin makullan wana agogo. Ta girgiza shi, ta ji wani abu yana motsi a ciki kamar yashi.

"Umma, wannan na shara ne ko na ajiya?"

Umma tana zaune a kan bencin da masu kawo gyara suke zama a da, tana kallon bangon da ya cika da shatar agogai, wata zagayayya, wata doguwa, duk inda fenti bai koɗe ba. Ta miƙa hannu.

"Kawo nan. Ke komai kika gani shara ne. Da haka nake, da ke ma tuni an share ki."

Auta ta yi dariya ta miƙa mata. Ita ce ƙaramar 'yarta, ko da yake yanzu ita ma uwar 'ya'ya uku ce. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinta, kuma gobe mai sayar da wayoyi zai karɓi shagon. Umma ta tura gidan ashanar da babban yatsa, ya buɗe. 'Yan mitsi-mitsin ƙusoshi ne a ciki, irin waɗanda suke riƙe cikin agogon hannu, kowace ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Ba sai ta ƙirga ba, ta san goma sha huɗu ne.

Shagon nan ɗakin gaba ne na gidansu. Ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa tsakar gida. A zamanin da kowane magidanci yake ɗaure da agogo a hannu, nan ne unguwa take zuwa daidaita lokacinta. Mijin Umma, wanda kowa ya sani da Mai Agogo, yakan buɗe ƙofa da sassafe, ya ɗauki makulli, ya bi bangon hagu tun daga bakin ƙofa har ƙurya yana wana agogan bango masu lilo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zauna a gaban tebur, ya maƙala gilashi a ido, ya ɗauki hantsaki. Daga nan sai dai ka ga ƙeyarsa.

Mutum ne mai tsari har ya yi yawa. In wani ya kawo masa agogon da ya mutu murus, sai ya juya shi a hannu ya ce, "Tun yaushe ya fara latti?" In aka ce wata uku, sai ya girgiza kai. "Ai tun yana lattin minti biyu ake kawo shi. Agogo ba ya tsayawa sai ya yi sallama." Duk unguwar an haddace wannan karatu. Mai aski na maƙwabta ma yakan kwaikwaye shi har da girgiza kan.

Abu ɗaya ne a jikinsa da bai bi tsari ba, shi ne kunnensa na hagu. Tun yana ɗan shekara shida kunnen yake zubar da ruwa, wani lokaci tsararo, wani lokaci mugunya mai ɗan wari. Da auduga a kunne Umma ta fara ganinsa, da ita aka ɗaura musu aure, har a hoton aurensu ga ta nan fara fat. Kullum da safe ya sauya sabuwa, kamar yadda wani yake sauya hula. Ita kuma kullum ta cire rigar matashin kai ta wanke, domin ba ta kwana ba tabo. Da farko abin ya dame ta, amma sabo turken wawa. Sai ya zamana ciwon ya koma ɗan gida. Babu mai kiransa ciwo ma, "kunnen Baba" ake cewa, kamar yadda ake cewa tabarmar Baba ko butar Baba.

Kunnen ba ya ji sosai, don haka gidan gaba ɗaya ya karkata dama. Yara in za su roƙi wani abu, ta dama suke zagayowa. In kuwa laifi suka yi, ta hagu suke tsayawa su faɗa, su ce ai mun gaya maka. Umma kanta ba ta san lokacin da ƙafarta ta koyi zagaye ba. Ko hanya za su tafi, ko zama za su yi, sai ta tsinci kanta a damansa. Shi kuwa in ta fara faɗa, sai ya juyo mata da kunnen hagu ya ce, "Ci gaba, ina sauraro."

Aikinta a shagon guda ne. Da yamma, bayan an rufe ƙofar titi, takan shigo da tsintsiya, amma kafin ta yi shara sai ta ja wani maganaɗisu da aka ɗaure da zare a kan daɓe, lungu-lungu, don ya tsince duk ƙusar da ta suɓuce. Yawanci ba ya kamo komai. Hannun Mai Agogo ba ya zubar da kaya. A wata guda in ta samu biyu, to ta samu abin tsokana har mako.

"Malam, ga 'yarka ta gudu daga gida."

"Ba gudu ta yi ba, aikenta na yi ta dubo ko kina shara da gaske."

Shekarar da Auta ta shiga aji biyu, wata safiya Umma ta ɗaga matashin kai za ta cire rigarsa, sai ta tsaya. Babu tabo. Ta juya shi, ta kai bakin taga, ta shinshina. Fes. Washegari ma haka, jibi ma haka. A rana ta huɗu Mai Agogo ya zaro audugar ya duba, ta fito a bushe kamar yadda ta shiga. Ya jefa ta a kwandon shara, bai sa wata ba. Ya yi ta shafa kunnen yana cewa iska na shiga masa.

Ranar an yi murna a gidan. Yayarsa, wadda ta goya shi tun yana jariri, ta taso takanas daga gidanta don ta gani da idonta. Ta kama kunnen ta murɗa ta leƙa, kamar ba mai furfura take riƙe da shi ba.

"Ban gaya muku ba? Man nan da na kawo bara, shi ne sai yanzu ya kama. Shekara arba'in ina fama da kunnen yaron nan."

"Yaya, man nan fa a ƙofa na zuba shi, ita ce ke ƙara," in ji Mai Agogo.

"To ai ita ma ta daina. Ka ga magani biyu ke nan."

Mai aski ma ya leƙo ya ce gaskiya shi bai gane shi ba, ya ɗauka ƙanensa ne ya zo riƙon shago. Umma ta ɗauko sabuwar rigar matashi mai furanni da ta ɓoye a ƙasan akwati tun kayan aurenta, wadda ba ta taɓa yarda ta sa ba don gudun tabo. Ta shimfiɗa ta, ta ja da baya tana kallo. Har yau ba ta son tuna wannan murna.

Kwana biyar da bushewar kunnen, Mai Agogo ya fara ciwon kai. A ƙeya yake ji, ta gefen hagu, ya fi tsanani da safe. Zazzaɓi kaɗan-kaɗan, yana zuwa yana tafiya. Ya ce gilashin ido ne ya gajiyar da shi. Da ya yi amai sau biyu, Umma ta matsa suka je ƙaramin asibitin da ke bakin kasuwa. Layi ya yi tsawo, ma'aikacin yana sauri. Ya tambayi zazzaɓi, ya tambayi amai, sannan ya ce, "Akwai wani tsohon ciwo da kake fama da shi?"

Suka dubi juna, suka ce babu. Ba ƙarya suka yi niyya ba. A wurinsu kunne ya warke, wanda ya warke kuwa ba a kai ƙararsa. Audugar da ta shekara arba'in tana shela a gefen kansa, wadda ko makaho zai tambayi dalilinta, tana can a kwandon shara. Aka ba su maganin zazzaɓin sauro suka dawo.

Ya sha magani, ya koma kan tebur. Akwai babban agogon makarantar su Auta da aka kawo masa, ya yi alkawarin kammalawa kafin jarrabawa, ga na hannu guda tara suna jira. Ya rage magana, ya rage cin abinci. In ta tambaya sai ya ce da sauƙi.

A yammacin Talata maganaɗisu ya kamo ƙusa uku. Ta buɗe baki za ta yi tsokana, sai ta ga ya dafe kai da hannu, ta fasa. Ta zuba su a gidan ashana. Laraba huɗu. Alhamis bakwai, duk a gefen hagu na kujerarsa, inda hannun da yake riƙe agogo yake sauka.

Ranar Alhamis ɗin, tana tsugune da zaren a hannu, ta ji wani abu kuma. Ita ba ta san cikin agogo ba, amma shekara goma sha takwas tana shara a ƙarƙashinsu, kunnenta ya san tafiyarsu. Agogo mai lilo in yana tsaye daidai, bugunsa ɗaya yake da ɗaya. Yau kuwa kamar ɗingishi suke yi, biyu ma sun yi shiru. Ta ɗaga kai. Duk agogan bangon hagu sun karkace, kowanne ya kwanta gefe guda, kamar iska ta bi ta kansu. A ƙasansu kuma, daidai tsayin kafaɗa, ga wani dogon shafi a jikin fenti tun daga ƙofa har ƙurya.

Da safe ta laɓe a ƙofar tsakar gida tana kallo. Ya ɗauki makulli ya fara bin bango. Taku biyu, sai jikinsa ya ja hagu, kafaɗarsa ta gogi bango, ya gyara, ya sake ja. Ya miƙa hannu zai sa makulli a ramin agogo, hannun ya wuce, ya bugi katako. Sai a karo na uku ya shiga. Ya waiwaya ya ga ko an gan shi. Ta ja da baya.

Ta bari ya zauna. Ta shigo da farin ƙyalle ta shimfiɗa a kan tebur, ta juye gidan ashanar a kai, ta zagayo damansa.

"Malam, ƙirga min."

Ya dube su ya daɗe. "Na wata nawa ne?"

"Na kwana uku."

"Sababbin ƙusoshin nan santsi gare su."

"Bangon ma santsi gare shi? Ɗaga kai ka dubi agoganka."

Bai ɗaga ba. Ya ce agogon makaranta saura kaɗan, in ya gama ranar Litinin sai su koma asibiti. Ya ce ita dai ta cika tsoro, an ce zazzaɓi ne, kuma ko ba komai ai ga kunne ma Allah ya kawo sauƙi.

Umma ba mai doguwar magana ba ce. Ta naɗe ƙyallen a hankali, ta mayar da ƙusoshin, ta ce, "Da wani ne ya kawo maka agogo yana lattin minti goma sha huɗu, ya ce zai dawo Litinin, me za ka ce masa?"

Agogan suna ta ɗingishinsu. Can ya cire gilashin daga ido, ya ajiye shi a gurbinsa, ya rufe agogon makaranta da tsumma.

"Kira min mai aski ya tsaya a ƙofa. Kar ya taɓa komai. Gaya masa na ƙirga kayana."

Babban asibiti suka nufa. Sai bayan azahar layi ya zo kansu. Likitar mace ce, siririya, da tabarau a ƙarshen hanci, ga alamar gajiya a fuskarta. Kujeru biyu ne a gaban teburinta. Mai Agogo ya zauna a ta dama, ta hagu ce ta rage. Umma ta ɗauki kujerar, ta zagaya da ita ta bayansa, ta ajiye a damansa, a matse da bango, ta zauna. Likita ta bi ta da ido.

Suka faɗi ciwon kai da amai da zazzaɓi. Umma ta fito da gidan ashanar, tana jin kunya, ta yi bayanin ƙusoshi da agogan da suka karkace. Ta ɗauka za a yi mata dariya. Likita ba ta yi ba. Ta ɗaga yatsa ta ce ya taɓa shi, sannan ya taɓa hancinsa. Da hannun dama ya yi tsaf. Da na hagu kuwa ya wuce yatsan, da ya dawo sai ya sauka a kumatu.

"Hancin ne ya matsa," in ji shi.

"Haka suke yi," likita ta ce, tana rubutu. Ta tambayi wani abu kanta a sunkuye, bai ji ba. Umma ta karkato bakinta zuwa kunnensa na dama ta maimaita masa.

Likita ta ajiye biro. "Baiwar Allah, me ya sa kika zagayo da kujera ɗazu? Ga wuri a can."

"Ai wancan kunnen ba ya ji sosai. Sabo ne kawai."

"Tun yaushe?"

"Tun yana yaro. Ruwa yake yi. Amma wannan kam ya warke, likita, ba shi ya kawo mu ba. Yau kwana goma sha biyu ke nan da ya bushe."

"Ciwon kan kuma kwana nawa?"

"Bakwai, ko takwas."

Umma ta ji bakinta ya faɗi lissafin, ta kuma ji yadda biyun suka jeru, ɗaya na bin ɗaya. Likita ta tashi ta ɗauko 'yar fitilar duba kunne. Ta leƙa ta daɗe, ta danna ƙashin bayan kunnen, Mai Agogo ya zabura. Nan take ta aika a kira mai tura keken marasa lafiya, ta ce hoton kai za a ɗauka yanzu, ba gobe ba.

Da hoton ya fito, ta kira Umma gaban fitila, ta nuna mata wani zagaye kamar ƙwan tantabara a ƙasan ƙwaƙwalwa, ta bayan kunnen hagu. A hankali ta yi bayani, kamar mai koyar da ƙaramin aji. Kunnen bai warke ba, toshewa ya yi. Shekara da shekaru ciwon yana cin siririn ƙashin da ya raba kunne da ƙwaƙwalwa, yana cin sa kaɗan-kaɗan. Da ƙofar waje ta rufe, mugunyar ta bi ta ciki ta taru a wurin da yake kula da daidaiton tafiya da na hannu. Ba kasafai hakan take faruwa ba, in ji ta, mutane da yawa suna tsufa da irin wannan kunne ba ta same su ba. Amma in ta faru, kwanaki ake ƙirgawa.

"Da mun bari Litinin fa?" Umma ta tambaya.

Likita ta dube ta ta saman tabarau. "Yau Jumma'a ce, kuma kuna nan. Mu tsaya a kan wannan."

Kafin la'asar sakaliya an shiga da shi ɗakin tiyata. Umma ta zauna a dogon bencin baranda, Yaya na gefenta, wadda ta iso ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Yaya ba ta ambaci mai ba. Sau ɗaya kawai ta ce, "Ni na goya shi, ban taɓa kai shi an duba kunnen nan ba." Umma ta ce, "Ni kuma shekara goma sha takwas ina wanke shaida." Suka riƙe hannun juna. Akwai agogo a bangon barandar, yana gaba da minti huɗu. Ta yi ta kallonsa tana tunanin da ya gani da sai ya nemi kujera ya hau.

An fitar da mugunyar, daga baya aka sake shiga aka kankare ƙashin da ya ruɓe. Mako shida ya yi a kwance ana ba shi magani ta jijiya. Maganarsa ta farko da ya farfaɗo sosai ita ce, "An wana agogai?" Mai aski ne ya wana su, ya tsinke biyu, suka yi shekara ashirin suna gardama a kai.

Kunnen hagu bai ƙara jin ko tsawa ba. Hannun hagu ya dawo, amma bai dawo duka ba, yana ɗan rawa in abu ya yi ƙanƙanta. Agogon makaranta ya kammala shi, sai dai bayan jarrabawa. Na hannu kuwa, ranar da ya fara gwadawa ya kasa, ya ajiye hantsaki. Umma ta jingine tsintsiya, ta jawo kujera, ta riƙe masa agogon da yatsu biyu. Ya dube ta, ya mayar da gilashi a ido.

"Kar ki yi numfashi."

"To in mutu?"

"Bayan na ɗaure wannan."

Haka suka yi aiki shekara ashirin da uku, ita ce hannunsa na hagu. Wuri ɗaya ke nan a duniya da ta taɓa zama a hagunsa, inda duk abin da ta faɗa ba ya ji. Ta faɗa masa abubuwa da yawa a wannan kujerar.

"Umma," Auta ta ce, "masu mota fa sun iso. Teburin za a fara fitarwa ko bencin?"

Umma ta rufe gidan ashanar, ta ƙulle shi a bakin mayafi. Ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Tebur. Amma tsaya in ja maganaɗisu tukuna. Ke kuma, ɗan nan naki na tsakiya da na ga yana ta sosa kunne jiya, gobe da safe za ki kai shi a duba."

"Umma, ruwan wanka ne ya shiga masa."

"To su gaya miki haka da bakinsu."

Ta warware zaren, ta saki maganaɗisun a kan daɓe, ta fara daga bakin ƙofa, tana bin bangon hagu.